Muryar da Baba Ba Ya Son Ji

Ranar da ya fara shiga kemis ɗin ko sallama bai iya yi ba. Ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito, kamar tayar da ƙusa ta huda.

Auta tana bayan kanta tana jera kwalaben maganin tari. Ta ɗago ta ga dogon saurayi, hannu ɗaya a maƙogwaro, ɗayan yana yawo a iska kamar mai ba motoci hannu.

"Malam, lafiya? Ƙaya ka haɗiye?"

Ya girgiza kai, ya zaro waya ya yi rubutu ya miƙo mata.

"Muryata ta gudu tun jiya. Ki taimaka, da ita nake cin abinci."

Ta karanta, ta danne dariya. "Ikon Allah. Mu dai da baki muke ci."

Ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa ne kawai suke rawa. A nan ta ƙara kallonsa, kallon da ba ya cikin aikin kemis. Ta ba shi alewar maƙogwaro, ta ce ya riƙa shan ruwan ɗumi, ya kama bakinsa na 'yan kwanaki. "In ba ta dawo ba ka je asibiti. Ni ba likita ba ce."

Ya sake rubutawa: "Na gode, Likita. A ba ni lamba don in riƙa kawo rahoton murya."

Rahoton murya! Samarin yanzu ko bakinsu ya mutu yatsunsu ba sa mutuwa. Ita kuwa da take cewa ba ta ba kowa lamba, sai ga shi ta rubuta a bayan kwalin alewar, wai don tausayi.

Rahoto ya fara zuwa safe da yamma.

"Likita, yau na iya cewa a. Gobe zan gwada b."

"Kada ka yi gaggawa, Shiru. Duniya ta fi daɗi da kake haka."

"Kin sa mini suna ke nan?"

"Kai ka fara."

"To na karɓa. Amma ki sani, ranar da muryar nan ta dawo, sunanki za ta fara kira."

Ta tambaye shi aikinsa, ya ce aikin magana. Ta ɗauka ko malamin makaranta ne ko mai kiran fasinja a tasha, ba ta zurfafa ba. Wanda zuciya ta riga ta ba kujera ba a cika tambayarsa takardu ba.

To, kafin mu je gaba, sai kun san uban Auta.

Mai Aski ake ce masa. Shagonsa kujera biyu ne da dogon benci, da madubin da ya tsage a kusurwa, da talabijin a sama, da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Tun yana saurayi yake goyon bayan 'yan Rawaya, ƙungiyar ƙwallon ƙafar da rabonta da kofi tun kafin a haifi Auta. Abin da ya tsana a duniya biyu ne: 'yan Baƙar Riga, masu ɗauke kofi kusan kowace shekara, da wani mai sharhin wasanni a rediyo da ake kira Ƙararrawa.

A bana kuwa 'yan Baƙar Riga sun buɗe kakar wasa da wuta, duk wanda suka haɗu da shi sai sun lallasa shi. Ƙararrawa ya hau rediyo ya ce, "Jama'a, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kakar bana an gama, a ba su kofinsu kowa ya huta."

Mai Aski ya ajiye almakashi ya buga waya gidan rediyon, kamar yadda ya saba kowane mako.

"Kai yaro, an gama me? Ko zufa ba a fara ba! Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Su wa suka buga da su? Ƙananan da ko takalmin kirki ba su da shi. In sun ci da fenariti ku ce basira, in mu muka ci ku ce sa'a. Ku ƙare shiri kaf a kansu, mu sai ana kiɗan rufewa ake ambatonmu!"

"Baba Mai Aski, teburin maki ba ya ƙarya."

"Teburi ba ya ƙarya, amma mai karanta shi yana yi!"

'Yan benci su yi ta tafi. Haka suke shekara da shekaru, ba su taɓa ganin juna ba.

Wata safiya wayar Auta ta yi ƙara tana cikin goge kanta. Shiru ne, karon farko da ya kira. Ta ɗauka.

"Likita," in ji wata murya mai kauri da zaƙi, "alkawari kaya ne."

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Muryar nan ta san ta kamar yadda ta san tarin babanta. Da ita ake cin abinci a gidansu, da ita ake ɓata rai.

"Innalillahi. Ƙararrawa?"

"Kina sauraron shirina ashe?"

"Ni 'yar Mai Aski ce."

Shiru ya koma Shirunsa na gaske. Can ya ce a hankali, "Wane mai askin?"

"Wanda ya ce maka mai karanta teburi yana ƙarya."

Suka yi dariya har ta yi hawaye, daga baya dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba.

Ita ce ta kawo shawarar, kada a ɗora wa yaro laifi shi kaɗai. Ta ce, "Ka zo ka gaishe shi, amma ka bar muryar a gida. Ka yi raɗa, ka ce maƙogwaro ne. In ya san halinka tukuna, sai mu gaya masa."

Shawarar masoya kan yi daɗi a kunne, kamar sabon takalmi kafin a yi tafiya da shi.

Ya je, ya durƙusa, ya gaida Baba da raɗa. Mai Aski ya dube shi sama da ƙasa, ya gamsu. Ya ce wa Mama, uwar Auta, "Kin ga yaro mai kunya. Magana ma sai ka kasa kunne. Ina ma a ba wancan ƙaton bakin na rediyo rabin nutsuwarsa."

Har ya riƙa zaunar da shi a benci yana kai masa ƙarar Ƙararrawa. "Ka ji abin da shashashan nan ya faɗa jiya?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce cikin raɗa, "Sai haƙuri, Baba."

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, Kaftin mai sayar da taya. Ɗan Rawaya ne na gani-kashe-ni, har babur ɗinsa rawaya ne, kuma ya daɗe yana gaida Mai Aski gaisuwar da ta wuce ta kwastoma. Shi ya fara lura cewa baƙon nan ba ya taɓa zuwa a lokacin da ake shirin wasanni. Ya kuma lura ciwon maƙogwaron ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, alhali budurwarsa a kemis take.

Wata Asabar da yamma ana nuna wasan 'yan Baƙar Riga a shago, ranar ba Shiru ne da aiki a rediyo ba. Ya zo gaisuwa zai wuce, Kaftin ya riƙe masa hannu. "Haba ango, zauna mana a kalla tare. Ko kana da wani wurin zuwa?"

Ya zauna. Ya daure, ya cije leɓe, ya matse hannuwa tsakanin cinyoyi. Ana dab da tashi, ɗan wasan gaban Baƙar Riga ya yanke mutum uku, ya ɗaga wa gola ƙwallo ta sama. Hali zanen dutse. Kafin yaro ya ankara ya miƙe tsaye, murya ta ɓalle har madubi yana amsawa:

"Ta shiga ɗaki ta rufo ƙofaaa!"

Kaf garin mutum ɗaya ne yake faɗin haka.

Mai Aski ya kashe kilifa, ya bar kwastoma da rabin kai. Ya daɗe yana kallon yaron ta cikin madubi.

"Ƙararrawa," ya ce. "Sannu da zuwa. Maƙogwaro ya yi sauƙi ke nan."

Kaftin yana gefe yana gyara hula, bakinsa har kunne.

Washegari a gida Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Auta ke nan. Ya kira ta, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Auta, kin ɗauka don ƙwallo ne. Ba don ƙwallo ba ne. Na farko, ya zauna a bencina ya mayar da ni abin dariya, da saninki. Na biyu, shekaru nake sauraron yaron nan. Wasa kaɗan yake gani ya ce an gama. Wanda ke sama ya ɗaga shi, wanda ya yi tuntuɓe ya binne shi da ransa. Aure kuwa doguwar kaka ce. Akwai watan da za ki yi ciwo, akwai shekarar da ba za ki yi kyau ba. Ranar da kika faɗi wasa biyu a jere, me zai ce a kanki?"

Ta shiga ɗaki ta rubuta masa:

"Baba ya ce a'a. Shiru, ka gaya mini gaskiya, za ka jira ni, ko an gama?"

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Kalma biyu:

"An gama."

Ta kalli rubutun har ya dishe mata. Ta toshe lambarsa, ta kifa kai a filo.

Abin da ba ta tuna ba shi ne, kullum in ya ƙare shiri yakan rubuto mata, "An gama, Likita, na fito." Ranar kuwa ransa a jagule, ya taƙaita. Kuma ɗakin da suke shiri ba ya kama sabis sosai, nasa saƙon ya fita kafin nata ya shigo. Sai da ya kai bakin titi ya ga tambayarta, ya ga abin da ya zama amsa, ya dafe kai. Ya kira, ya kira, ba hanya.

Kaftin bai yi sanya ba. Kwanakin nan ciwon kai ya kama shi safe da yamma, kullum yana kemis. "Ni fa, Auta, tun ina yaro ban canja ƙungiya ba. Mai riƙon amana ake nema." Ta ba shi magani ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ba ta ƙara ba.

Rannan ta ɗago daga kanta ta ga Shiru tsaye, ya rame. Ya miƙo mata waya. A nasa allon saƙonsa ne a sama, nata a ƙasa. Ta duba, ta sake dubawa. A ƙarƙashi akwai wanda ya rubuta bai shiga ba:

"Zan jira, Likita. Ko kaka nawa ce."

Ta share ido da bakin mayafi. "Kai ma da kalmar nan taka. Ba ka da wata ne?"

"Na yi mata ritaya."

"Ko da haka ne, Baba ya ce a'a."

Ya shafa kansa. "Ina ganin sumata ta yi yawa."

Ya tafi shago kai tsaye, ya yi sallama da cikakkiyar muryarsa, ya zauna a kujera. 'Yan benci suka gyara zama, wanda ya tashi zai tafi ya fasa. Mai aski ba ya korar kai, don haka Baba ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure shi a wuya, ɗaurin ya ɗan fi na kullum tsauri.

"Baba, na zo ba da haƙuri. Raɗar da na yi maka ƙarya ce, ko da ban faɗi kalmar ƙarya ba."

Kilifa tana ta kuka.

"Kuma maganarka a kan shirinmu gaskiya ce. Muna bin mai nasara saboda shi ake son ji. Ƙananan ƙungiyoyi ba mu yi musu adalci ba."

Baba ya ɗauko reza, ya ɗaga masa haɓa. "To, 'yan Baƙar Riga fa? Har yanzu su za su ɗauki kofi?"

Kaftin ya miƙo wuya.

Yaro ya haɗiye yawu, reza tana maƙogwaronsa. "Su za su ɗauka, Baba. Tsakiyarsu ta fi ta kowa. In na ce ba haka ba don ka ba ni Auta, to maƙaryaci ka ba."

Wani a benci ya ce, "Yaron nan ya gaji da duniya."

Baba ya ci gaba da aikinsa. Ya gama gyaran fuska, ya shafa masa hoda, ya kwance ƙyalle. "Na gaba."

Da ya koma gida ya ba Mama labari yana huci. Ita kuwa tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, in tambaye ka? Kai ne kullum kake cewa ba a yanke wa kaka hukunci da wasannin farko. Shi yaron nan, wasa nawa ka kalla nasa?"

"Wannan daban."

"Haka ne. Ni dai na tuna shekararmu ta farko. Mutum ya kai ni ɗakin da ke yoyo, ya manta ni a gidan yayata ranar wasan ƙarshe. Da babana mai sharhi ne, da tuni ya ce a ba wani kofin."

"Ke dai ba kya mantuwa."

"Ina mantawa mana. Shi ya sa har yanzu nake nan."

Baba ya daɗe yana juya hula a hannu. Washegari ya ce wa Auta, "Ki gaya masa ban ce e ba, ban ce a'a ba. Sai ƙarshen kaka."

Ta rubuta masa: "An ƙara lokaci, Shiru."

Ya amsa: "A ƙarin lokaci ake cin ƙwallon da ba a mantawa, Likitata."

Kaka kuwa doguwa ce, masu cewa an gama ba su san tsawonta ba sai sun zauna jira. Duk mako yaro yana kujerar aski, har kansa ya koma kamar ƙwai, Baba yana bin fata da kilifa don kada a ce bai yi aiki ba. A rediyo ya ware wa ƙananan ƙungiyoyi lokacinsu a farkon shiri, shugabansa ya yi ta ƙorafi, shi ko a jikinsa. Da 'yan Baƙar Riga suka yi tuntuɓe a tsakiyar kaka, suka yi canjaras a jere, bai ɓoye ba, kuma bai binne su ba. Da Auta ta kwanta zazzaɓi mai tsanani ta fita hayyacinta, shi ne a bencin asibiti tare da Baba, su biyu ba mai maganar ƙwallo. Kaftin ya aiko da gaisuwa ta waya, daga baya aka ji ciwon kansa ya koma wani kemis ɗin.

Ƙarshen kaka 'yan Baƙar Riga suka ɗauki kofi. 'Yan Rawaya suka ƙare a tsakiyar teburi, inda suka saba.

Yaro ya zo aski jikinsa a sanyaye, kamar shi aka ci. Baba ya dubi kan, ya ajiye kilifa.

"Babu abin da zan aske a nan. A ƙwallo ka fi ni gaskiya bana. Ni kuma na kusa yin abin da nake zaginka a kai." Ya yi gyaran murya. "Ka turo manyanka."

Benci ya kaure da sowa, har da waɗanda suka yi rantsuwa ba za a yi ba.

Aka ɗaura aure, gida ya cika. 'Yan Rawaya suka zauna gefe, 'yan Baƙar Riga gefe, abinci ne ya haɗa su. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka, Auta. In kun ci kada ku yi girman kai, in an ci ku kada ku watse." Mama ta juya baya wai wani abu ya faɗa mata a ido.

Da sabuwar kaka ta kama, 'yan Baƙar Riga suka sake buɗewa da wuta. Waya ta yi ƙara a gidan rediyo.

"Mai Aski ne. Yaran nan naku ba za su kai ko'ina ba bana, bayansu a buɗe yake!"

Ango ya gyara zama, ya rusunar da murya. "Haka ne, Baba."

"Kuma golansu ya tsufa!"

"Gaskiya ne, Baba. Allah ya ƙara girma."

Sai muryar Baba ta tashi har rediyo tana karkarwa:

"Kai! Ni 'yata na ba ka, ban ce ka ba ni gaskiya ba! In surukuta ce ka kawo ta gida. Nan rediyo ne, buɗe baki ka yi musu da ni!"

Auta tana kemis tana saurare, ta riƙe ciki don dariya. Ta ɗauki waya ta rubuta: "Ka yi masa musu, Shiru, amma a hankali. Hawan jini gare shi."

Ango ya ja numfashi ya ce, "To Baba, da izininka, golan nan ko kusa bai tsufa ba."

"Yauwa! Yanzu na ji magana. Saurara in gaya maka..."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya bar su tare har tsufa. Ya kuma ba 'yan Rawaya kofi ko sau ɗaya ne, tsohon nan ya gani da idonsa. Amin.